Babi na Biyar: Wutar Bango da Wutar Bayan Caja

Shin mutum zai iya gyara wutar ɗakinsa da hannunsa, ko dole sai ya kira mai gyara? A Kano ko Maraɗi ba a cika yin wannan tambaya ba, domin an san amsarta. In makunni ya lalace, a aika a kira yaron unguwa mai filaya da tasta, ko kuwa maigida ya naɗe hannun riga ya yi da kansa. Amma wanda ya sauka Faransa, ya sami ɗan ɗaki a Porte de la Chapelle a arewacin Paris, ko a Guillotière ta birnin Lyon, ba ya daɗewa tambayar take cim masa. Kwan lantarki ɗaya ne tal a tsakiyar silin, soket biyu ko uku, ga waya, ga kwamfuta, ga tukunyar shinkafa, ga hita in sanyi ya shigo. Kuɗin da mai gyara zai karɓa na zuwa kawai ya isa cefanen kwanaki. Sai zuciya ta ce ai ba yau na fara jona waya ba.

Kafin a ce e ko a'a, sai an tambayi mai tambayar: wace wutar kake nufi? Domin wuta biyu ce a ɗakin, kuma hukuncinsu ba ɗaya ba ne.

Wuta biyu a ɗaki ɗaya

Wutar da ke cikin bango a Faransa volt 230 ce, kusan daidai da ta Najeriya da ta Nijar. Wadda ke fitowa daga cajar waya kuwa volt 5 ce a al'ada, ta adaftar na'urar intanet kuma galibi volt 12. Ta farko tana kisa. Ta biyu za ka riƙe wayarta tsirara da yatsa ba ka ji komai ba.

Ka ɗauki tankin ruwa da aka ɗora a kan gini. Tsawon da aka ɗaga tankin shi ne ke ba ruwan ƙarfin turawa, wannan shi ne volt. Yawan ruwan da ke ratsa bututu a kowace daƙiƙa shi ne ampiya. In ka ninka volt da ampiya, sai ka sami wat, wato aikin da wutar ke yi. Mazauna Lyon suna da haƙƙin su san cewa sunan ampiya na ɗan garinsu ne, André-Marie Ampère, wanda aka haifa a can a 1775. Gunkinsa na nan a dandalin da ke ɗauke da sunansa, kusa da tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa ta Ampère.

Abin da ke yi wa jiki illa shi ne yawan wutar da ta ratsa shi, kuma ɗan kaɗan ne ake buƙata. A raba ampiya ɗaya gida dubu, kowane kashi shi ake kira miliampiya. Wajen miliampiya 1 mutum zai fara jin tsikari. Wajen 10, tsokar hannu ta ƙanƙame, ya kasa sakin wayar ko yana so. Daga 30 numfashi ya fara sarƙewa, in abin ya haura haka kuma ya ɗan jima, bugun zuciya ya rikice. Volt 230 tana da ƙarfin tura ninkin wannan sau da yawa ta jikin mutum, musamman in hannu na da jiƙa ko ƙafa ba takalmi. Volt 12 ba ta iya keta busasshiyar fata ta tura abin a zo a gani. Nan bambancin yake, kuma duk abin da zai biyo baya a wannan babi a kansa aka gina shi.

Abin da muka taho da shi daga gida

Mutanenmu ba sa tsoron waya, kuma wannan ba abin kunya ba ne. Inda wuta ke zuwa ta tafi, dole mutum ya koyi jona jannareto, ya haɗa batir da sola, ya san yadda ake ja wa maƙwabci layi. Sai dai akwai ɗabi'u uku da wannan rayuwa ta koya mana waɗanda ya kamata a ajiye su a filin jirgi.

Ta farko ita ce jiran a ɗauke wuta kafin a taɓa waya. Ko a gida wannan ya hallaka mutane, domin wanda zai dawo da wutar ba ya sallama. A Paris kuwa ana iya shekara ba a ɗauke ba, saboda haka mai wannan ɗabi'a sai ya gaji da jira ya ce bari in yi a hankali da wutar a ciki. Ta biyu ita ce murɗa waya biyu a naɗe da salatif. Murɗin yana saki a hankali, wurin ya riƙa ɗaukar zafi, salatif ya narke, kuma duk wannan a bayan kabad ko cikin silin inda ido ba ya kaiwa. Ta uku, cusa waya tsirara cikin soket a tokare da tsinken ashana, musamman in an taho da kayan wuta mai filogin Najeriya, mai ƙafa uku masu kusurwa irin na Ingila, aka tarar ramin soket ɗin Faransa zagayayye ne. Maganin wannan filogi ne sabo, kuɗinsa bai taka kara ya karya ba.

Akwai kuma tarkon launi, wanda ya fi kama 'yan Najeriya. A tsohon wayarin irin na Ingila da har yanzu ke cike da gidajen Kano da Zariya, ja ita ce mai wuta, baƙa ita ce mai mayarwa. A Faransa shuɗiya ce mai mayarwa, mai ratsin kore da rawaya ita ce wayar ƙasa, mai wuta kuma tana iya zama ja, ko ruwan ƙasa, ko baƙa. Wato baƙar wayar da hannunka ya saba kamawa ba fargaba, a nan ita ce za ta ja ka. A gine-ginen da aka yi wa wayarin kafin 1970, waɗanda suke da yawa a gunduma ta 18 ta Paris, launin ma ba ya bin wannan tsari ko kaɗan.

Ina iyakar ɗan haya?

Dokar Faransa ba ta hana mutum taɓa wutar gidansa ba. Hasali ma wata doka ta 26 ga Agusta 1987 ta lissafa ƙananan gyare-gyaren da ke wuyan ɗan haya, kuma a ciki akwai canja makunni, soket, fis da kwan lantarki. Amma dokar haya ta 6 ga Yuli 1989 ta hana shi sauya fasalin gida ko kayan da ke cikinsa sai da rubutaccen izinin mai gida. Fasa bango a ja sabon layi, ko ƙara wani abu a allon rarraba wuta, ya shiga wannan. Mita kuwa, wato koriyar Linky da aka fara kafawa a faɗin ƙasar a 2015, da duk abin da ke gabanta, hurumin kamfanin Enedis ne, an kuma buga masa hatimi.

Shi ma mai gida akwai abin da ke kansa. Tun daga 1 ga Janairu 2018, duk gidan da wayarinsa ya haura shekara 15, wajibi ne a haɗa wa ɗan haya takardar binciken lafiyar wutar tare da yarjejeniyar haya. Ka nemi taka ka karanta, ko ka sa a karanta maka. In ka ga waya mai rigar zare, ko fis na tangaran, ko soket da ya yi baƙi, ko famfo na ɗan jan hannu, wannan ba aikinka ba ne, na mai gida ne. Ofishin ADIL, wanda ke Paris da Lyon duka, yana ba da shawara kyauta kan irin wannan. Na san da yawa daga cikin 'yan uwanmu suna zaune ne a ɗakunan da ba takarda, a hannun masu cusa mutum shida inda ya kamata biyu su kwana, kuma ba su da bakin yin ƙorafi. Su ne suka fi kowa buƙatar abin da ke tafe, domin wayarin irin waɗannan gidaje ba mai duba shi.

In dole sai ka taɓa bango

Ka je allon rarraba wuta, galibi yana kusa da ƙofar shiga. Za ka ga jerin ƙananan makatsai, waɗanda a can ake kira disjoncteur. Ƙa'idar wayarin ta ƙasar, NF C 15-100, ta tsara cewa layin fitilu yana tafiya da waya mai kaurin milimita murabba'i 1.5, da makatsin da bai wuce ampiya 16 ba, kuma fitilu 8 ne iyakarsa. Layin soket mai waya 2.5 yana da makatsin ampiya 20. Waɗannan makatsai wayar suke karewa daga ƙonewa. Wanda ke kare ranka shi ne mai faɗin nan da aka rubuta wa 30 mA, mai ɗan maɓallin gwaji. Aikinsa shi ne auna wutar da ta fita da wadda ta dawo. In ya ga gibi, ya san ta bi wata hanya, wataƙila ta jikin mutum, sai ya katse nan take. Ka riƙa danna maɓallin lokaci zuwa lokaci. In ka danna wuta ba ta ɗauke ba, ko kuma ka duba allon babu shi sam, ka ɗauka ba ka da kariya.

Kashe makunnin bango bai isa ba. A ƙa'ida makunni wayar mai wuta yake yankewa, amma a tsofaffin gidaje ana samun wanda aka jona a kan mai mayarwa. Kwan zai mutu, wutar kuma tana nan zaune a cikin mariƙinsa. Saboda haka ka kashe daga allo, in ba ka tabbatar da layin ba ka kashe gaba ɗaya, ka kuma faɗa wa duk wanda ke ɗakin kada ya mayar. Sa'an nan ka gwada. Tasta mai ɗan kwai a gindi, wadda kowa ya sani, ba abin dogaro ba ce: haskenta kan ɓace da rana, kuma takan yi shiru a inda akwai wuta. Akwai na'urar gwaji mai tsinke biyu da ake sayarwa a Leroy Merlin ko Castorama. Ka fara gwada ta a soket mai wuta don ka san tana aiki, sa'an nan ka gwada inda za ka taɓa. Wurin haɗa waya kuma, a yi amfani da 'yan maƙalan Wago ko masu ƙusa da ake kira domino, a rufe su cikin akwatinsu.

Banɗaki kuwa a bar shi. Babu Bafaranshen da ya manyanta da bai san labarin Claude François ba, mawaƙin da ƙasar ke ji da shi a zamaninsa. Ranar 11 ga Maris 1978, yana cikin bahon wanka a gidansa na Paris, ya miƙa hannu ya gyara wata fitilar bango da ta karkace. Wuta ta kama shi, ya rasu yana da shekara 39. In ka tarar wuta ta kama wani, kada ka taɓa shi. Ka kashe daga allo tukuna, sa'an nan ka kira 15, ko 18, ko 112.

Fankar kwamfuta, makarantar mai koyo

Wanda hannunsa ke ƙaiƙayin haɗa waya, ga inda zai huce. Zafin Faransa ba na wasa ba ne ga mai ɗaki a ƙarƙashin rufin kwano. Ranar 25 ga Yuli 2019 ma'aunin zafi ya kai 42.6 a Paris, a Agustan 2023 kuma ya haura 41 a Lyon. Zafin 2003 ya ci rai kusan 15,000 a ƙasar. Gidajen an gina su ne don riƙe ɗumi, ba fanka a silin, ba tsakar gidan da za a shimfiɗa tabarma. A irin wannan hali ne mutane suka gano amfanin 'yar fankar da ke cikin tsohuwar kwamfuta ta tebur, wadda ake samu a shagunan titin Montgallet a gunduma ta 12, ko a kasuwar gwanjo ta Saint-Ouen, tafiya kaɗan da tiram daga Porte de la Chapelle.

Girmanta galibi milimita 80, 120 ko 140 ne, kuma da volt 12 take aiki. Juya ta ka karanta takardar da ke manne a bayanta, za ka ga ampiyar da take ci, sau da yawa tsakanin 0.1 da 0.3. Mai waya uku, baƙa ita ce ta ragi, ja ita ce ta ƙari, rawaya kuma saurin juyawa kawai take sanar da kwamfuta, ba ka buƙatarta. Mai waya huɗu launinta kan bambanta daga kamfani zuwa kamfani, don haka ka bi jerin: ta farko ragi, ta biyu ƙari, sauran biyun ka naɗe bakinsu ka bar su. Ba tare da su ba fankar za ta yi gudu da dukan ƙarfinta.

Sai ka nemi adafta da aka rubuta wa 12V, kuma ka tabbata wutar da take fitarwa mai miƙewa ce, wadda ake yi wa alamar DC. A nan lissafi ya shigo, kuma mai sauƙi ne. Volt dole ya zo daidai. Ampiyar adafta kuwa ta fi abin da fankokin ke ci, ba ta gaza ba. Fanka uku masu cin 0.2 kowace, jimla 0.6, adafta mai ampiya 1 ta ɗauke su ba gumi. Ana haɗa duk jajayen wuri ɗaya zuwa ƙari, duk baƙaƙen wuri ɗaya zuwa ragi. Mutane da yawa suna tsoron adafta mai ampiya 2 za ta ƙona fanka mai 0.2. Ba za ta ƙona ba, fankar abin da take buƙata kawai take ja. Abin da ke ƙona ta shi ne a ba ta volt 19 na cajar kwamfutar hannu. In ka juya wayoyin kuma, ba baya za ta juya ba, tsayawa za ta yi, wata ma ta lalace. Iskar tana fita ne ta gefen da sandunan da ke riƙe injin suke, kuma yawanci akwai 'yar kibiya a jikin firam ɗin.

A kan USB mai volt 5, wata fankar za ta juya a hankali ba ƙara, wata sai an tura ta da yatsa, wata ta ƙi sam. Masu amfani da akwatin wutar tsohuwar kwamfuta kuma su lura da wani tarkon launi: a can rawaya ce volt 12, ja kuwa volt 5. Akwatin kansa kada a buɗe shi. Wutar bango ce a cikinsa, kuma akwai sassan da ke riƙe caji ko bayan an zare filogi. Haka ma adafta: wayar da ta fito daga cikinta taka ce, cikinta ba naka ba ne.

Fanka uku da aka jera a jikin katako a bakin taga ba su kai wat 8 ba. Sai dai fanka ba ta sanyaya iska, motsa ta kawai take yi. Da rana a rufe taga da labule, da dare in waje ya fi ciki sanyi a sa fankokin su jawo iskar waje. Wannan shi ne amfaninsu na gaskiya. A sa musu raga in da yara a ɗakin.

Hasken volt 12

Wannan lissafin shi ne na zaren fitilun LED da ake liƙawa a ƙarƙashin kanta ko saman teburin karatu, kuma da shi ɗan haya zai ƙara haske ba tare da ya taɓa bango ba. Akwai mai cin wat 4.8 a kowace mita, akwai mai 14.4. Mita 5 na na farkon wat 24 ke nan, a raba da 12, ampiya 2. Sai a sayi adafta mai ampiya 3, don kada ta yi aiki a maƙura ta riƙa zafi. Ana yanke zaren ne kawai a inda aka yi alamar tagulla, kuma ba a kunna shi yana naɗe a faifansa. Mai son farin haske irin na shagunan gida ya nemi mai lamba 6500K, mai son ja-ja irin na gidajen Turawa 2700K.

Kada dai a ce tunda volt 12 ba ta jan mutum, ba ta da haɗari. Tana tayar da gobara. Fitilun wat 60 a wutar bango ba sa cin fiye da kusan rubu'in ampiya, amma a volt 12 ampiya 5 suke ja, don haka ƙaramar wuta ta fi buƙatar waya mai kauri. Siririyar waya za ta yi zafi har rigarta ta narke. Wanda zai kai wannan ilimi gida ya haɗa da batirin sola, ya sa fis dab da kan batirin. Adafta in wayoyinta suka haɗu yawanci kashe kanta take yi, batir kuwa zuba wuta zai yi ta yi har wayar ta yi ja.

Ekstenshin

Hukumar ONSE mai sa ido kan lafiyar lantarki a Faransa ta ƙiyasta cewa tsakanin kashi 20 zuwa 35 cikin 100 na gobarar gidaje daga lantarki take tashi. A ɗakunanmu, abin da na fi jin tsoro ba mai sukuddireba ba ne, ekstenshin ne. Mafi yawansu wat 3,500 ne iyakarsu, an rubuta a bayansu. Hita mai wat 2,000 da butar lantarki mai 2,000 sun riga sun wuce, tun ba a sa tukunyar shinkafa ba. In aka jona ekstenshin a kan ekstenshin, duk nauyin a kan na farkon yake sauka. Hita, butar shayi da dutsen guga, kowanne ya shiga soket ɗin bango kai tsaye. Ka riƙa taɓa filogi da bayan hannu, in ya yi zafi ko kana jin ƙaurin roba, ka zare. Na'urar jin hayaƙi kuma wajibi ce a kowane gida tun 8 ga Maris 2015, kada ƙararta lokacin suya ta sa a cire mata batir.

Akwai wani abu guda da yanzu ke kwana a jikin ekstenshin a ɗakuna da yawa na Porte de la Chapelle da Guillotière, wanda bai shiga lissafin wannan babi ba: batirin keken da samarinmu ke kai abinci da shi gida-gida. Wutarsa ba ta bango ba ce, ba kuma irin ta fanka ba ce, kuma in ta kama, bokitin ruwa ba ya isarta. Yadda ake cajinsa, inda ya kamata a ajiye shi, da alamomin da ke nuna ya fara lalacewa, su za mu duba a babi na shida.